Daga ina sunan "rapeseed" ya fito, kuma me manomi ke samu a shukar?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne. A cikin karatunmu na ci karo da wata shuka mai suna rapeseed, sunan ya ɗaure mini kai, domin kalmar da ke farkonsa na san ta da mummunar ma'ana a Turanci. Daga ina sunan ya samo asali? Ita ce kanolar da ake rubutawa a jikin kwalbar man girki? Ban da mai kuma, me ake yi da ita a gona?

Amsa: Malam ɗalibi, kwantar da hankalinka, sunan ba shi da wata alaƙa da fyaɗe. Kalmomi biyu ne mabambanta suka yi gamon katar a rubutu da furuci. Wadda ka sani da mummunar ma'ana ta fito ne daga kalmar Latin rapere, wato fizgewa ko ƙwacewa da ƙarfi. Ta shukar kuwa daga rapa ko rapum ta fito, sunan da Rumawa ke kiran wani kayan lambu mai dunƙulalliyar saiwa, wanda Turawan Ingila ke ce wa turnip. Tun ƙarni na 14 kalmar take cikin Turanci da wannan ma'ana ta kayan lambu. Da aka liƙa mata seed, wato ƙwayar iri, sai sunan ya zama "irin turnip" kawai.

Waɗanda suka raɗa sunan ba su yi kuskure ba, don kuwa dangantakar ta jini ce. Sunan shukar a kimiyyance Brassica napus, kamar yadda masanin tsirran nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya rubuta shi a 1753. Brassica kabeji ne a Latin, napus kuma wani nau'in turnip ɗin ne dai. Abin mamaki shi ne Linnaeus ya haɗa sunayen iyayen shukar biyu tun ba a san cewa su ne iyayenta ba. Sai a 1935 wani masani ɗan asalin Koriya da ke aiki a Japan, Woo Jang-choon, ya nuna cewa barbara ce tsakanin dangin turnip mai kuromozom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta) 20 da dangin kabeji mai 18. 'Yar da suka haifa ta kwashe duka, tana da 38. Kamar alfadari ne tsakanin doki da jaki, sai dai shi alfadari ba ya haihuwa, ita kuwa ta riƙe gadon uwa da na uba cikakku, shi ya sa take ba da iri. Binciken ƙwayoyin halittarta da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa wannan haɗuwa ta auku ne kimanin shekara 7,500 da suka wuce, wanda a lissafin tsirrai jiya-jiya ne. Har yau kuma ba a san ta da tsiro a daji don kanta ba, a gona aka san ta.

Sauran harsunan Turai ma a kan wannan dangantaka suka tsaya. Jamusawa na cewa Raps, daga tushe ɗaya da na Turanci. Mutanen Holan sun duba ɓangaren kabejin, suka ce koolzaad, irin kabeji, daga nan Faransawa da Sifaniyawa da Italiyawa suka aro colza. Sinawa ba su wahalar da kansu da asali ba, suka ce youcai, ganyen mai.

Yanzu ga batun kanola, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau, domin mutane da yawa suna ɗauka sauya suna kawai aka yi don a guje wa kunya a kasuwa. Akwai wannan, ba na musu. Suna linzami ne. Wani gari a lardin Saskatchewan na Kanada, Tisdale, ya shafe shekaru da dama da kirarin da ke cewa shi ne ƙasar wannan shuka da zuma, da tsohon sunan ɓaro-ɓaro a allon shiga gari, har sai da hukumar garin ta gaji da yi wa baƙi bayani ta sauya kirarin a 2016. Amma kafin a sauya sunan, shukar kanta aka fara sauyawa, kuma wannan ne babban labarin.

Ɗaruruwan shekaru man wannan shuka a Turai na fitila ne da sabulu. Mutanen Holan sun shahara da nomanta, kuma ta bazu a gabashin Ingila a ƙarni na 17 lokacin da ake janye ruwa daga fadamun yankin ana mai da su gonaki. Da injin tururi ya zo sai aka gano mata wani sabon aiki: manta yana manne wa ƙarfe ko da ruwa da tururi na dukansa, abin da sauran mayuka ba sa yi da kyau. Saboda haka ne a Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyoyin kawo shi daga Turai da Asiya suka toshe, Kanada ta shiga nomanta gadan-gadan don shafa wa injinan jiragen ruwan yaƙi. Yaƙi na ƙarewa, injin dizal ya kori na tururi, manoma suka wayi gari da shukar da ta karɓi ƙasarsu amma babu mai saye.

Me ya hana a ci man? Abu biyu. Na farko wani sinadarin maiƙo ne da ake kira erusik asid, wanda a tsohon iri yakan kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na man. Gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye sun nuna yana tara kitse a tsokar zuciya yana yi mata lahani, sai hukumomin lafiya suka ɗaga gira. Na biyu yana cikin tunkuzar da ke saura bayan an matse mai: sinadaran gulukosinolet, masu ɗauke da farar wuta, su ne ke ba mastad, wata shuka 'yar'uwarta, yajinsa. Dabba ba ta son ɗacinsu, in kuma ta ci da yawa sai su taɓa maƙoshinta su jawo maƙoƙo, girma ya tsaya. Ka ga ke nan mai ba ya ciyuwa ga mutum, tunkuza ba ta ciyuwa ga dabba.

Mutum biyu ne aka fi jingina wa warware wannan ƙulli: Keith Downey na cibiyar binciken gwamnati da ke Saskatoon, da Baldur Stefansson na Jami'ar Manitoba, dukansu a Kanada. Ba da sauya ƙwayar halitta a ɗakin gwaji suka yi ba, wannan fasaha ba ta zo ba tukuna. Barbara da zaɓen iri ne, na haƙuri. Dubi dabarar da Downey da abokan aikinsa suka ɓullo da ita. Ƙwayar irin nan faɗinta bai wuce milimita 2 ba. Sai a jiƙa ta, a sa wuƙar tiyata a yanke rabi, a kai rabin na'ura ta auna maiƙon da ke ciki, ɗaya rabin mai ɗan tsiron a ajiye. In awo ya nuna erusik ɗin kaɗan ne, sai a shuka rabin da aka ajiye. In ba haka ba a zubar. Ƙwaya bayan ƙwaya, har aka tara abin da ake nema. Siffar ƙarancin erusik an samo ta ne a wani irin kiwo na Jamus mai suna Liho, ta ƙarancin gulukosinolet kuma a wani iri na ƙasar Folan mai suna Bronowski. A 1968 aka fitar da Oro, mai ƙarancin erusik. A 1974 Stefansson ya fitar da Tower, iri na farko da ya haɗa ƙarancin abubuwan biyu.

Sai a 1978 ƙungiyar masu matse mai ta yammacin Kanada ta yi rajistar sunan canola: "can" daga Kanada, "ola" kuma don nuni ga mai. Kuma sunan yana da sharaɗi. Kafin a kira iri kanola, dole erusik ɗin mansa ya gaza kashi 2 cikin 100, gulukosinolet ɗin tunkuzarsa kuma ya gaza maikuromol 30 (wani ƙaramin ma'aunin sinadarai) a kowane giram. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da man a matsayin abinci a 1985. To amsar tambayarka ta biyu ke nan: kowace kanola daga wannan dangi take, amma ba kowace rapeseed ce ta cika sharaɗin kanola ba. Turai ba ta karɓi sabon sunan sosai ba. Can suna nan da tsohon, sai dai su ƙara "00", sifiri biyu, don nuna irin da aka rage wa abubuwan nan biyu. A Sifaniya ma sunan colza ya daɗe da tabo, tun annobar 1981, lokacin da wasu 'yan kasuwa suka sayar wa jama'a man masana'antu da aka gurɓata da sinadarin anilin a matsayin man girki. Kimanin mutum 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu. Laifin na algus ne, amma shukar ce ta kwashi baƙin jinin.

Mu koma gona. A yau duniya na noma sama da tan miliyan 80 na irin a shekara. Kanada da Tarayyar Turai da Sin da Indiya da Ostireliya su ne manya, kodayake yawancin abin da Indiya ke lissafawa a wannan rukuni 'yar'uwarta ce mastad. A cikin mayukan tsirrai ita ce ta uku, bayan manja da man waken suya. Ƙwayar tana ɗauke da mai kashi 40 zuwa 45 cikin 100, ninki biyu na waken suya. Man yana da ƙarancin daskararren kitse, wajen kashi 7, abin da ya sa likitocin zuciya ba sa faɗa da shi. A Turai kuma kaso mai yawa na man ba ya shiga tukunya, tankin mota yake shiga, domin shi ne babban abin da suke yin dizal ɗin tsirrai da shi. Tsohon iri mai yawan erusik ma bai mutu ba. Ana nomansa bisa kwangila, a ware shi daga na ci, don masana'antu na fitar da wani sinadari daga cikinsa da ke hana ledoji manne wa juna.

Tunkuzar ita ce ɗaya ɓangaren kuɗin da ɗalibai ke mantawa da shi. Fiye da rabin nauyin ƙwayar ita ce, kuma tana da furotin kashi 35 zuwa 38 cikin 100. Bayan ta waken suya babu tunkuzar da ake ciyar da dabbobi da ita a duniya kamarta. Shanun madara sun fi kowa morarta, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna madara na ƙaruwa idan aka sa ta a abincinsu. Ana ba aladu da kifi da kaji, amma da awo, don tana da harza fiye da ta waken suya, ƙarfin da take bayarwa kuma bai kai nata ba. Akwai wani abin dariya da masu kajin ƙwai suka sha fama da shi: wasu kaji masu jan ƙwai suna da gadon da ke hana jikinsu narkar da wani sinadari na cikin tunkuzar, sai ƙwan ya fito yana ƙarnin kifi. Masu ƙyanƙyasa sun yi ƙoƙarin tace wannan gado daga kajinsu, amma mai haɗa abinci har yanzu yakan yi hattara.

In ka tambaye ni amfanin da ya fi kowanne a wurin manomi, zan ce maka wanda ba a aunawa a ranar girbinta ne, sai shekara mai zuwa. Manomin alkama da sha'ir yana da matsala guda: in ya maimaita hatsi a gona ɗaya shekara da shekaru, cututtukan saiwa na taruwa a ƙasa, ciyayi dangin hatsi kuma su yi kaka-gida, don maganin da zai kashe su zai kashe alkamar. Wannan shuka ba dangin hatsi ba ce. Cutar saiwar alkama ba ta samun abin ci a jikinta, sai ta ragu. A shekararta manomi na iya fesa maganin da ke kashe ciyayi masu siririn ganye ba tare da ya taɓa amfaninsa ba. Ga doguwar saiwa da ke nutsawa ta buɗe ƙasa, ga faffaɗan ganye da ke zuba ya ruɓe da wuri. Sakamakon shi ne alkamar da ta biyo bayanta takan fi wadda ta biyo bayan alkama, sau da yawa da rabin tan zuwa tan guda a hekta. Wanda ya yi lissafin ribarta bai sa wannan ba, lissafinsa bai cika ba.

Sai dai kada ka ruɗe ka ɗauka tana ƙara wa ƙasa taki irin yadda wake ke yi. Ba ta kama naitirojin daga iska ko kaɗan. Hasali ma maciyiya ce, tana cin naitirojin sosai, kuma buƙatarta ta farar wuta ta fi ta hatsi nesa. Gonar da ta rasa farar wuta za ka gane ta daga nesa: furen da ya kamata ya zama rawaya shar sai ya koɗe ya yi fari-fari, ƙananan ganye su lanƙwashe, kwanson ya fito ba ƙwaya.

Ana kuma shuka ta ba don ƙwaya ba. A Birtaniya da New Zealand akwai nau'in kiwo da ake sakar wa tumaki su ci ganyen a tsaye, don ƙiba, a lokacin da ciyawa ta yi ƙaranci. Makiyayi mai hankali ba ya sakin dabba mai yunwa a ciki kai tsaye. Da kaɗan-kaɗan ake sabar da ita, ana haɗawa da busasshiyar ciyawa, in ba haka ba kumburin ciki ko ƙunar fata ya biyo baya. Wasu kuma na shuka ta bayan girbi don ta rufe ƙasa, ta hana zaizaya, ta tsotse ragowar takin da ruwa zai wanke, daga baya a nome ta a cikin ƙasa. A nan ɗacin da aka yi ta yaƙi da shi ya zama abin so, domin idan ganyen ya daddatse ya ruɓe yana sakin sinadaran da ke rage wasu tsutsotsi da cututtukan ƙasa. Mastad ta fi ta ƙarfi a wannan aiki, gaskiya. Masu kiwon zuma su ma suna kai amyoyinsu bakin gonar in ta yi fure. Zumar fara ce, mai yawa, amma tana daskarewa da sauri ƙwarai, wanda ya yi jinkirin tatsa sai ya tarar ta sandare a cikin saƙar.

Nomanta iri biyu ne. A Turai ana shuka ta hunturu a watan Agusta ko farkon Satumba, ta yi ganye ta kwanta a ƙasa, sanyi ya ratsa ta, sannan ta miƙe ta yi fure a Afrilu da Mayu, a girbe a Yuli. In ba ta sha wannan sanyi na makonni ba, ba za ta yi fure ba. Irin wannan kan ba da tan 3 zuwa 4 a hekta. A Kanada sanyin ya fi ƙarfinta, sai a watan Mayu ake shuka nau'in da ba ya buƙatar sanyi, a girbe cikin wata uku zuwa huɗu, amfanin kuma ya fi na Turai ƙasa, tan 2 da ɗoriya. Ko wane iri ne, ba ta son zafi a lokacin fure. Da zarar zafin rana ya doshi digiri 30 furanni sun fara zubewa ba tare da sun ƙulla kwanso ba. Wannan ne ya sa ta zama shukar ƙasashe masu sanyi, ko ta lokacin sanyi a ƙasashe masu zafi.

Ƙanƙantar ƙwayar ita ce tushen yawancin wahalarta. Ƙwaya 1,000 ba ta wuce giram 3 zuwa 6 ba, kilo 3 zuwa 5 ya ishi hekta guda. Ba a binne ta fiye da santimita 1 zuwa 2, in ta yi zurfi abincin da ke cikinta zai ƙare kafin ta ga rana. Makonnin farko tsiron ba shi da ƙarfi, a nan ne wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke huda ganyen har ya gama da gona. Bayan Tarayyar Turai ta taƙaita magungunan neyonikotinoyid da ake shafa wa iri, daga ƙarshen 2013, don kare ƙudan zuma, wannan ƙwaro ya addabi manoman Ingila har da yawa suka rage nomanta ƙwarai. A ƙarshen kaka kuma ga matsalar fashewar kwanso. In ya bushe sosai, iska mai ƙarfi ko ƙanƙara ta dare ɗaya na iya zubar da rabin amfanin a ƙasa. Shi ya sa manoman Kanada suka daɗe suna yanke ta tun ba ta gama bushewa ba, su jera ta a layi ta ƙarasa a kwance, kodayake sababbin iri masu taurin kwanso sun sa da yawa yanzu suna girbe ta a tsaye. A wurin saye ma akwai gwajin da za ka so ka gani: a jera ƙwayoyi a kan tef mai danƙo, a bi da abin murzawa a farfasa su, a ƙirga waɗanda cikinsu ya fito kore shar. Kore na nufin ba ta gama nuna ba, sau da yawa don sanyi ya kama ta, man zai yi launi, sai daraja ta faɗi.

Abin da ya zube a ƙasa kuwa ba ya tafiya. Ƙwayar na iya kwanciya shekaru a cikin ƙasa tana fitowa gyauro a cikin amfanin da ya biyo baya. Tun da aka shigo da nau'in da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure maganin ciyawa, a tsakiyar shekarun 1990 a Kanada, gyauron ya ƙara wuyar kashewa, dole manomi ya san wane iri ya shuka bara kafin ya zaɓi abin fesawa bana. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce kada a yi gaggawar juya ƙasa bayan girbi. A bar ƙwayar a sarari ta tsiro a kashe ta, don binne ta shi ke sa ta yin dogon barci.

Babban haɗarin kuma daga manomi yake fitowa. Shuka ce mai kuɗi, sai mutum ya ga ai gara ya dawo da ita bayan shekara biyu maimakon huɗu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Akwai cutar da ke kumbura saiwar duk dangin kabeji ta mai da ita dunƙule-dunƙule, ruwa ya kasa hawa, shuka ta yi yaushi da rana tsaka ko da ƙasa na da danshi. An fara ganinta a gonakin kanola na lardin Alberta na Kanada a 2003, ta kuma bazu ta hanyar ƙasar da ke manne wa tayoyin tarakta da garma. Ƙwayoyin cutar na iya zama a ƙasa fiye da shekara 15 suna jira. An fitar da iri masu jure mata, amma inda aka yi ta maimaita su ba hutu, cikin 'yan shekaru cutar ta sami hanyar karya juriyar. Shawarar da masana suka fi bayarwa ita ce shekara ɗaya cikin uku ko huɗu, a wanke kayan aiki kafin a shiga wata gona, a kuma sa farar ƙasa inda ƙasar ke da tsami, don cutar ta fi son ƙasa mai tsami da danshi.